Yadda Muka Haɗa Matsayin Najeriya kan Nijar Bayan Rufe Iyakokin 2019

A ranar 20 ga Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a ƙarƙashin wani atisayen haɗin gwiwa na jami'an kwastam da na shige da fice da 'yan sanda da sojoji, wanda Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ya jagoranta. A lokacin ina matsakaicin jami'i a Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Gidan Tafawa Ɓalewa a Abuja, a sashen da ke kula da ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma fayil ɗin Jamhuriyar Nijar yana cikin waɗanda ke bi ta teburina. Aikin da Daraktanmu ya ɗora mini shi ne in nemi ra'ayin kowace ma'aikata da hukuma da abin ya shafa, in riƙa rubuta abin da aka tattauna a tarurrukan share fage, sannan in fitar da daftari guda wanda duk jami'in da zai yi magana da sunan Najeriya zai iya tsayawa a kansa, ko a Abuja yake ko a Yamai.

Lokacin da matakin ya faɗo bai zo mana da sauƙi ba. A ranar 7 ga Yulin wannan shekara, makonni shida kacal kafin rufewar, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, kuma a birnin Yamai aka yi wannan biki. Mai masaukin baƙi, Shugaba Mahamadou Issoufou, shi ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin yarjejeniyar tun farko, kuma a ƙarshen watan Yuni ya karɓi shugabancin ƙungiyar ECOWAS. Wato dai mutumin da aka rufe wa ƙofa shi ne shugaban ƙungiyar da dokokinta suka ce a bar ƙofar a buɗe. Duk wasiƙar da za mu aika wa ofishin jakadancin Nijar sai mun auna ta da wannan.

Dalilan gwamnati kuwa ba ƙirƙira ba ne. Tun 2016 an haramta shigo da shinkafa ta kan tudu, amma tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta ci gaba da sauke shinkafar Tailan da Indiya fiye da abin da mutanen Binin za su iya ci, akasarinta kuma wadda aka yi wa gumi ce, irin wadda kasuwar Najeriya ke so. Wani kaso yana ratsowa ta Seme da Idiroko, wani kuma yana hawa arewa ta Malanbil, ya tsallaka Kogin Kwara zuwa Gaya, ya sauka a manyan shagunan ajiya na Ƙonni da Maraɗi, daga nan 'yan fasa-ƙwauri su shigo da shi ta barauniyar hanya a kan babura da tsofaffin motoci. A ɗaya ɓangaren fetur ɗin da gwamnati ke biyan tallafi a kansa yana ficewa, ga kuma maganar makamai da ke shiga dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato.

Matakin farko na aikinmu wasiƙa ce. Babban Sakatare ya sa hannu aka aika wa ma'aikatun Kuɗi, Ciniki da Masana'antu, Noma, Harkokin Cikin Gida da Shari'a, tare da hukumomin tsaron da ke cikin atisayen, ana neman kowa ya rubuto matsayinsa. Muka kuma nemi ofishin jakadancinmu na Yamai ya riƙa aiko da rahoton abin da ake faɗa a can, a gwamnatance da kuma a kasuwa. Amsoshin da suka dawo kowanne gaskiya ne idan aka karanta shi shi kaɗai. Masu kula da noma suna kallon manoman shinkafar Kebbi da Kano da Jigawa, da injinan casa da suka farfaɗo, da shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, don haka a wurinsu kowace ranar da iyaka ta ƙara a rufe riba ce. Masu kula da ciniki suna karɓar koken kamfanonin Legas da Kano waɗanda kayansu na halal suka maƙale a kan hanyar zuwa kasuwannin maƙwabta. Lauyoyi sun jero mana abin da Najeriya ta sa wa hannu: yarjejeniyar kafa ECOWAS ta 1975 da aka sabunta a 1993, da dokar walwalar jama'a ta 1979, da yarjejeniyar ratsawar kaya ta 1982, wadda ita ce ta tanadi yadda kaya za su bi ta wata ƙasa a rufe zuwa inda aka nufa. Jami'an tsaro kuma suna da alƙaluman abin da suka kama, kuma ba sa son a buɗe kafa ɗaya kafin maƙwabta su ɗauki alkawari a rubuce.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan taro ba yakan ɗauka cewa Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke yanke abin da za a gaya wa wata ƙasa. A tsarin mulki harkokin waje na gwamnatin tarayya ne, kuma Shugaban Ƙasa ne ke da maganar ƙarshe, amma a aikace ma'aikatar tana shugabantar zaman ne kawai, ba ta da ikon umartar wata ma'aikata ta janye ra'ayinta. Abin da take da shi shi ne alƙalami, domin ita ke rubuta daftarin farko, kuma duk wanda ya rubuta daftarin farko ya riga ya zaɓa wa sauran abin da za su yi gardama a kai. Wata hukuma ta riƙa turo mana jami'i daban a kowane zama, kowannensu kuma da an kai ga batun da ke buƙatar amincewa sai ya ce ba a ba shi izinin cewa komai ba, sai ya koma ya sanar da na gaba da shi. Maganin wannan bai wuce rubuta sakamakon zama a ranar, a aika wa shugaban hukumar kai tsaye tare da wa'adi, a kuma bayyana cewa idan wa'adin ya wuce ba a ji komai ba za a ɗauka an amince. Da muka fara haka sai manya suka fara zuwa da kansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina tun daga takardun farko shi ne yadda ake ambaton Binin da Nijar a jimla ɗaya, kamar matsalarsu ɗaya ce. Na roƙi Darakta ya ba ni dama in haɗa takardar bayani ta daban a kan Nijar, ya amince, da sharaɗin kada ta yi tsawon da minista ba zai karanta ba. A ciki na nuna cewa iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai, Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, tana fuskantar jihohin Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908 a tsakiyar ƙasashen da tarihinsu ɗaya ne, har yau sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita, na Tsibiri kuma ta Gobir. Na nuna cewa Nijar ba ta da gaɓar teku, shinkafar da ke ratsa ta baƙuwa ce a can kamar yadda take baƙuwa a nan, alhali ainihin cinikin da ke tsakaninmu na abinci ne da dabbobi: shanu da raguna da raƙuma da wake da aya da tattasan Difa suna gangarowa kasuwannin Maigatari da Illela da Mai'aduwa da Jibiya, gero da dawa da masara da kayan masarufi kuma suna hawa daga Dawanau.

Na kuma tuna wa masu karatu abubuwan da ba sa fitowa a rahoton kwastam. Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma bayan yaƙin ne, a 1971, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai. A lokacin mafi yawan wutar lantarkin da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi, kuma ruwan da ke juya injinan Kainji sai ya ratsa Nijar kafin ya iso mu, ga su kuma suna gina madatsar Kandaji a sama da Yamai. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan ƙoramu huɗu da muke tarayya a kansu, ciki har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. A lokacin sojojin Nijar suna cikin rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi, jihar Difa tana ɗauke da dubban 'yan gudun hijirar Borno, kuma a wannan shekarar ta 2019 wasu dubbai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsere wa 'yan bindiga zuwa ƙauyukan Maraɗi. Daga ƙarshe na ambaci rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan shugaban mulkin sojan Najeriya na lokacin, wanda shi ne dai ke kan mulki a 2019. An yi shawarar ko a cire wannan jimla, daga baya aka bar ta, aka dai sassauta lafazinta.

Shawarar da takardar ta ƙare da ita ita ce a ware wasu mashigai na arewa a bar dabbobi da hatsin gida su riƙa wucewa ƙarƙashin sa ido. A zaman da aka duba ta, wani babban jami'in tsaro ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ga shugaban zaman ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ya faɗa haka yake. Amma ranar da muka buɗe Kamba muka bar Seme a rufe, shinkafar Kwatano gaba ɗaya za ta koma Gaya, kuma a ƙarƙashin buhunan wake za ta shigo." Ban sami amsar da ta fi tasa ƙarfi ba a wannan rana, kuma har yanzu ina ganin hujja ce ta gaskiya. Inda nake saɓa masa shi ne kan tsawon lokacin da ya kamata a ɗauka ana biyan wannan farashi, da kuma waɗanda ke biyansa, domin babban ɗan kasuwar da ke da shago a Maraɗi yana iya jira, amma mai kora awaki biyar zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari don ya sayi gero ba ya iyawa. Shawarar ba ta shiga matsayin gwamnati ba. Abin da ya shiga shi ne sakin layi guda a cikin takardar jagorar minista, mai cewa a tattauna da Nijar da la'akari da cewa ƙasar ratse ce, kuma abokiyar yaƙi.

A tsakiyar Oktoba Hukumar Kwastam, ƙarƙashin Kanal Hameed Ali mai ritaya, ta sanar da dakatar da shigo da kaya da fitar da su ta kan tudu baki ɗaya, a farkon Nuwamba kuma aka tsawaita atisayen zuwa 31 ga Janairun 2020. Daga nan aiki ya koma matakin ministoci. A ranar 4 ga Nuwamba, bayan zaman kwamitin ma'aikatu, Ministan Harkokin Waje Geoffrey Onyeama ya bayyana sharuɗɗan da Najeriya ta gindaya: kayan da aka sauke a tashar wata ƙasa da nufin kawowa Najeriya su zo cikin ƙunshinsu na asali ba tare da an sake zuba su ba, a rako su tun daga tasha har a miƙa su ga kwastam ɗin Najeriya, kayan da aka ce a yankin aka sarrafa su su cika ƙa'idar asali, a rushe shagunan ajiyar da ke jikin iyaka, matafiya kuma su bi ta mashigai na hukuma da takardun da aka amince da su. Duk wanda ya duba zai ga yawancinsu da Kwatano suke magana. Na takardun tafiya ne ya fi damuna, saboda na san matar da gidan mijinta ke Magama, gidan iyayenta kuma ke Ɗan Isa, ba ta taɓa tunanin fasfo ba idan za ta je suna.

'Yan kwanaki bayan haka aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan mataki ya faɗa kan garuruwanmu ne, Illela da Jibiya da Kamba da Maigatari da makamantansu, inda kuɗin mota da na niƙa da na ban ruwa suka tashi nan take, 'yan majalisar yankunan kuma suka ɗaga murya. Gwamnonin jihohin iyaka da sarakuna ba su da kujera a kwamitin, tunda batun na tarayya ne, don haka kokensu ta bayan fage yake iso mana, ta wasiƙa ko ta wayar wani da ya san wani. Na riƙa taƙaita irin waɗannan a shafi ɗaya ina liƙawa a bayan rahoton mako, ko da ba a nema ba.

A ranar 14 ga Nuwamba aka yi taron ƙasashe uku a Abuja, Najeriya da Binin da Nijar, tare da wakilan Hukumar ECOWAS. Kafin ministoci su zauna, mu ƙananan jami'ai ne ke zama da takwarorinmu a kan daftarin sanarwar bayan taro, layi bayan layi, da Ingilishi da Faransanci, domin dole rubutun biyu su dace. A zaure ta bakin tafinta muke magana, amma da aka fita shan shayi sai wani jami'in duwan, wato kwastam, daga tawagar Nijar ya gaishe ni da Hausa, muka tambayi juna gajiya da iyali, sannan ya ce, "Malam, ku gaya wa manyanku mu ma ba mu ƙi a kama masu laifi ba. Amma ku ba mu sunaye da lambobin motoci, kada a bar mu da zargi kawai." Wannan magana ta fi duk abin da aka karanta a zaure amfani a wurina, domin ta nuna inda za a iya haɗuwa, wato musayar bayanai tsakanin jami'an da ke bakin iyaka. Na sanar da shugaban tawagarmu kamar yadda ƙa'ida ta tanada, tunda babu hirar da jami'i zai yi da wakilin wata ƙasa ya riƙe ta a cikinsa.

Sanarwar da aka fitar ta amince da kafa rundunar sintiri ta haɗin gwiwa ta ƙasashen uku, da kwamitin sa ido, da wani kwamitin sauƙaƙa ciniki na ministocin kuɗi da na kasuwanci. Ba a sa ranar buɗe iyaka ba, kuma wannan shi ne abin da baƙin suka zo nema. Daga mahangar aikina taron ya yi nasara ta fuska ɗaya, domin babu wakilin Najeriya da ya faɗi abin da ya saɓa wa na ɗan'uwansa, kuma wanda ya ga yadda aka fara a watan Satumba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya biyo baya jira ne. Janairu ya wuce ba a buɗe ba. A Fabrairun 2020 shugabannin ECOWAS suka ɗora wa Shugaba Roch Marc Christian Kaboré na Burkina Faso jagorancin kwamitin da zai duba lamarin, sai annobar korona ta zo a watan Maris, ƙasashen yankin duka suka rufe nasu iyakokin, maganar ta kwanta. A watannin nan aikina ya koma sabunta takardar bayani da amsa wasiƙun tuni cikin ladabi ba tare da alkawarin komai ba, wanda shi ma fanni ne da ake koyo.

Abubuwa biyu ne, a ganina, suka motsa fayil ɗin, kuma babu ɗayansu da ya fito daga teburin tattaunawa. Na farko tsadar abinci: hauhawar farashi da take kashi 11.02 cikin ɗari a Agustan 2019 ta kai 14.89 a Nuwamban 2020. Na biyu kuma yarjejeniyar nan da aka sa wa hannu a Yamai, wadda aka tsayar za a fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a watan Nuwamba, don haka ba zai yiwu ƙasar da ta fi kowa yawan jama'a a nahiyar ta shiga kasuwar da ƙofofinta a garƙame ba. Kwamitin da Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta shugabanta ya miƙa rahotonsa, aka sake neman gudummawar ma'aikatu, muka aika da tamu, wadda kusan ita ce takardar shekarar da ta gabata da sababbin alƙaluma.

A ranar 16 ga Disamban 2020 ministar ta sanar da buɗe mashigai huɗu, Seme da Mfum a kudu, Illela da Maigatari a arewa, tare da barin haramcin shinkafa da kaji yadda yake. A daren muka rubuta wasiƙar sanarwa ga ofishin jakadancin Nijar da saƙo ga jakadanmu a Yamai, muka tabbatar kalmomin sun yi daidai da na sanarwar Majalisar Zartarwa. An ce sauran mashigan za su biyo baya kafin ƙarshen watan, amma Jibiya, wadda ita ce ƙofar Maraɗi, da Kamba, ƙofar Gaya, ba a buɗe su ba sai a Afrilun 2022, tare da Idiroko da Ikom. A tsakanin nan, a Fabrairun 2021, aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa ta Jibiyar da ke rufe a lokacin, kuma takardar bayanin wannan bikin ma ta teburina ta bi.